Ku Tambaya Mu Amsa: Zan Ajiye Aikin Ofis In Koma Ƙauye

Assalamu alaikum. Shekara 11 ke nan ina aiki a wani banki a Kano. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Auyo. Duk zuwan da na yi gida sai in tarar da mata suna gumin shinkafa a rabin duro, hayaƙi na cin idonsu, a ƙarshe ɗan kasuwa ya taya yadda ya ga dama saboda tsakuwa da wari. Ina so in ajiye aiki in kafa musu wurin gumi na zamani, su amfana ni ma in ci abinci. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Yaushe ya kamata in miƙa takardar ajiye aiki?
*Wani ma'aikacin banki, Kano*

Wa alaikumus salam, Malam. Ba bana ba. Ka bari kaka ɗaya ta wuce kana gwaji da albashinka a hannu, don kada ka saki reshe ka kama ganye. Abin da za ka gwada guda ɗaya ne: shin in an gyara aikin, mai saye zai ƙara kuɗin da zai biya ladan matan, ya biya makamashi da buhu da kuɗin mota, har wani abu ya rage? In amsar ta zama a'a, to abin da ke ranka sadaka ce, kuma sadaka ta fi sauƙi ga mai albashi.

Gwajin ba ya buƙatar gini. Ka ɗauki hutunka na shekara ya dace da girbin damina, ka sayi buhu 20 na shanshera iri ɗaya, misali Faro 44, kada a gauraya. Wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne, domin doguwar ƙwaya da gajera in suka haɗu a injin casa, ɗaya ce za ta kakkarye. Ka nemi mata biyar da suka iya gumi tun asali, ku yi goma yadda suka saba, goma kuma da gyara.

Gyaran ga shi. A wanke shansherar sau biyu ko uku, wadda ba ta yi ƙwaya ba za ta taso sama a kwashe, yashi da tsakuwa su kwanta a ƙasa. A jiƙa ta a ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, kamar digiri 60 zuwa 70, a bar ta ta kwana. Warin da kake ji daga jiƙon ruwan sanyi na kwana biyu ko uku yake fitowa, shinkafar ce ke tsami. Da safe a tsane ta, a turara ta a tukunya mai faranti mai huji-huji a ciki, irin madambaci, yadda tururi ne kaɗai zai ratsa ta. A rabin duro ta ƙasa dahuwa take yi ko ta ƙone, ta sama kuma ba ta ji ba, shi ya sa launi ke fita kala-kala. Da ɓawon ya fara tsagewa, abin da ba ya wuce minti 20 zuwa 30 bayan tururi ya fito, a sauke. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, shimfiɗa mara kauri, ana juyawa, sannan a ƙarasa a inuwa. Zafin ranar Haɗeja in ya busar da ita farat ɗaya, ƙwayar tsagewa take yi a ciki, ba za ka gani ba sai an kai inji. Danshin da ake nema kashi 14 cikin 100 ne. Na'urar awon danshi ba ta da girma, ka saye ta tun yanzu.

Ka auna komai da sikeli, ba da kwano ba. Kilo 100 na shanshera mai kyau yakan ba da kilo 60 zuwa 65 na tsaba. Ka kai kashi biyun kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko Dawanau, kada ka faɗa wa dillali wacce ce wacce, ka ji tayinsa. Bambancin tayin nan shi ne kasuwancinka gaba ɗaya.

Sai maganar jari, inda 'yan ofis suka fi faɗawa rami. Sukan zuba kuɗinsu a katanga da fenti da allon suna, ranar buɗewa babu kuɗin sayen kaya. Yi lissafi: wurin da ke gumin buhu 10 a rana, kwana shida a mako, buhu 60 yake ci. In daga saye zuwa karɓar kuɗi mako biyu ne, kuɗin buhu 120 ne a kwance kullum. Shi ya sa muka fi son mai farawa ya tsaya a kan kuɗin aiki: mace ta kawo shansherarta, ta biya kan kowane buhu, ta yi amfani da tukwane da daɓe da injin cire tsakuwa, kai kuma ka haɗa su da mai saye da yawa ka karɓi la'ada. Ribar kaɗan ce, amma faɗuwar farashi ba a kanka take ƙarewa ba. Waɗanda suka tara hatsi suna jiran tsada bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024 sun ga yadda lamarin yake. Kuma murhun da ke cin buntu ya fi na itace, tun da buntun a bakin inji yake jibge.

Ka duba inda za ka kafa. Yankin Auyo da Haɗeja ambaliya ba baƙuwarsu ba ce, ta 2022 ta isa misali. Ka tambayi dattawa inda ruwa bai taɓa kaiwa ba, ka ɗaga daɓen rumbun. Fili kuwa, in gonar gado ce, kada ka aza bulo sai duk magada sun sa hannu a takarda a gaban dagaci, sannan ka nemi takardar mallaka daga ƙaramar hukuma, domin Dokar Filaye ta 1978 ita ta bai wa ikon filayen karkara.

Kafin ka fara ko da gwajin, ka karanta takardar ɗaukarka aiki, saboda bankuna da yawa sun hana ma'aikaci kasuwanci a gefe sai da izini a rubuce. Ranar da gwaji ya nuna riba, ga sharuɗɗan fita: kuɗin cefane da haya da makarantar yara na wata 12 a asusu daban wanda ba na kasuwancin ba, ka biya bashin ma'aikata da ke kanka, don a wurare da dama da ka fita ruwansa yake komawa irin na kowa, ka shigar da iyali tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA a Kano ko JICHMA a Jigawa, kafin katin asibitin ofis ya mutu. Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa in ya yi wata huɗu ba aiki. Damar tana nan, amma ba mu ba ka shawarar ka mai da ita jarin shanshera ba. Uwargida kuma a zauna da ita da alƙaluma a takarda, ita ce za ta fara jin canjin a tukunya.

Ina aiki a wani kamfanin sadarwa, ina shirin komawa wajen Ɓagwai in koya wa mata tatsar man gyaɗa da ƙulla shi a kwalba. Ƙungiyar agaji zan yi wa rajista ko kamfani? An ce ƙungiya ta fi samun tallafi.
*Wata mai karatu, Kano*

Hajiya, tambayi kanki daga ina kuɗin wata-wata zai riƙa shigowa. In daga sayar da mai da ƙuli-ƙuli ne, kamfani za ki yi. A Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, kina iya farawa da rajistar sunan kasuwanci, mai sauƙi da araha, sai dai bashin kasuwancin bashinki ne har kayan ɗakinki. Ƙaramin kamfani mai hannun jari ya raba dukiyarki da tasa, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa shi. Rajistar amintattu, wadda ƙungiyoyin agaji ke yi, sai an buga sanarwa a jaridu an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a yi rajista da SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin banki ya saki jiki da asusun, kuma ba a raba riba. Wadda ta zuba kuɗin sallamarta a irin wannan ba ta da hanyar cewa rabona.

Matan kuwa su yi tasu ƙungiyar gama-kai, wadda ake yi wa rajista a matakin jiha, da shugabarsu da ma'ajiyarsu. Kamfaninki ya saya daga gare su a kan farashin da aka rubuta. Hakan ya fi ki ɗauke su aiki, kuma in kin gaza gobe, abinsu yana hannunsu. Ki fara gaida mai unguwa da liman, ki zauna da mazajen kafin ki tara matan, domin wadda ke kulle ba za ta fito ba sai da yardar maigida. Wasu ma a gida za su yi suya da ɓarza a kawo miki. Kuɗi kuma a damƙa wa macen da ta yi aikin a hannunta.

Mai a kwalba da suna a jiki sai da lambar NAFDAC, kuma za su zo duba wurin. Abin da ya fi kayar da masu gyaɗa shi ne gubar da fumfuna ke haifarwa: a tsince ruɓaɓɓiya da mai baƙi-baƙi, a busar sosai, buhu ya hau katako kada ya taɓa ƙasa. Tallafi akwai, Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 ga waɗanda ta zaɓa, amma masu nema sun yi yawa. Ki tsara lissafinki kamar ba zai zo ba.

Na riga na bar aiki. Na raba injinan ban ruwa masu sola guda 15 ga manoman rani a garinmu, wajen Ringim, a kan su biya bayan girbi. Huɗu ne kaɗai suka biya. Sauran cewa suke ai kayan gwamnati ne, wasu kuma 'yan'uwa ne. Yaya zan yi?
*Wani ɗan kasuwa, Jigawa*

Ɗan'uwa, kalmar da ka yi amfani da ita ta nuna inda gizo ke saƙar: "na raba". Abin da aka raba a taro, da kujeru da lasifika da ɗaukar hoto, a idon mutanen ƙauye rabon 'yan siyasa ne, kuma ba a taɓa biyan wannan ba.

Na baya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, tare da dagaci ko wani dattijo da suke jin nauyinsa. A rubuta abin da ya rage, a karkasa shi daidai da lokacin da kuɗi ke shiga hannunsu. Mai tumatir da albasa duk mako yake tsinka ko ya kai kasuwa, mai alkama da shinkafa sau ɗaya. Wanda ya ƙi, ka karɓi injinka cikin mutunci ka ba wani. In ka kyale ɗan'uwa ɗaya, sauran goman sun sami hujja.

Na gaba, kada inji ya fita sai an ajiye kafin alƙalami, ko da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. A ba rukunin mutum biyar da suka zaɓi junansu, kowa ya tsaya wa kowa, kamar adashi. A faɗi kuɗin saye da ribarka a fili, a tsayar da jimilla da wa'adi, ba ƙari in an makara. Wannan shi ne murabaha, kuma malamin garin zai iya tsaya maka a kai, abin da ba zai yi wa mai ba da kaka ba. Ko kuma ka riƙe injinan a hannunka ka sayar da ruwa, a biya kan kowane ban ruwa, tun da manomi ya saba cire kuɗin fetur, musamman bayan cire tallafin mai a Mayun 2023.

Ka kuma bincika ko wasunsu don injin ya ba su kunya ne suka ƙi biya. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola ta rage ƙarfi, sai ana gogewa da tsumma mai laushi kusan kullum. Rijiyar fadama in ruwanta ya ja baya a watan Maris da Afrilu, injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, yashi kuma yana cinye farfelarsa. Ka koya wa yaro ɗaya a garin gyara, ka ajiye masa farfela da robobi da tiyo a shago, ka sa lambar wayarsa a jikin kowane inji.