Na'urar da Muke Nutsarwa a Rafi

Jiya muna hanyar dawowa ka tambaye ni: me ya sa za mu ɗaure na'ura a ƙarƙashin ruwa shekara guda tana rubuta zafi duk bayan minti 15, alhali mutum na iya tsoma ma'auni ya karanta ya yi gaba? Gajiya ce ta hana ni ba ka amsa. Zauna ka ji.

Ɗana, wanda ya tsoma ma'auni da hantsi, zafin hantsi kaɗai ya gani. Ƙaramin rafi da asuba yake fin sanyi, wajen la'asar kuma ya ɗauki zafi. Abin da ke kashe kifi 'yan kwanakin nan ne na tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, rana ta kwana a cikinsa. Ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana riƙe iskar oksijin wajen miligiram 9 a kowace lita. Ya kai digiri 30, ta koma kusan 7.5, a daidai lokacin da jikin kifin ke ƙara neman ta. Tarwada dai ta leƙo sama ta shaƙi iska. Karfasa da giwan ruwa ba su da wannan gata. Yanzu da bazara ke ƙara zafi, in ba mu da rubutun shekara da shekaru a wuri ɗaya, da me za mu gane rafin yana sauyawa?

Kada ka ɗauka tara lambobi muke yi don ado. A Kalifoniya ta Amurka, ƙwan wani kifin salmon da ke haihuwa a kogin Sakramento ba ya jure ruwan da ya wuce digiri 13 da 'yan kai. Shi ya sa a 1997 aka kammala wani ƙaton tsari na ƙofofi a madatsar Shasta da ke kan kogin, don a riƙa zaɓen zurfin da za a saki ruwa daga shi, tunda ruwan ƙasan dam ya fi na sama sanyi. Masu buɗe ƙofofin nan awo irin namu suke dubawa. Lokacin da fari ya tsananta a 2014 da 2015, ruwan sanyin ya gaza, akasarin ƙwai da 'ya'yan kifin suka mutu. Mu ma kogunan da ke ƙasan Tiga da Challawa, yawan ruwansu a rani yana hannun mai buɗe dam ne, kuma ruwa kaɗan ya fi saurin ɗumama.

To, wurin ɗaurawa, nan ne aikin yake. Ina sabon shiga na taɓa ɗaure na'ura a bakin gaɓa saboda ƙiwuyar shiga ruwa. Da muka zo karɓa sai ga digiri 40 da wani abu a watan Afrilu. Har na fara murnar na gano babban abu. Maigidana ya dubi layin awon zafin yana tsalle sama da ƙasa kullum, ya ce: "Iska ka auna." Ruwan ya janye ya bar ta kan yashi tana shan rana. Wata uku suka tafi a banza.

Saboda haka ka nemi inda ruwa ke gudu kuma ba ya ƙafewa. Kada ka sa ta a kwantaccen gurbi, ko bakin wata ƙorama da ke shigowa. Ka sa ta cikin guntun farin bututun roba da aka huhhuda, don rana kada ta taɓa ta, ka ɗaure da waya a jikin dutse, ta ɗan ɗago daga ƙasa kada laka ta binne ta. Ka rubuta ranar da sa'ar da ta shiga. Ka kuma gaida Sarkin Ruwa ka nuna masa wurin, in ba haka ba yara za su tsince ta cikin mako guda.

Gobe ka zo da bokiti da ƙanƙara. Duk na'urar da muka tsoma cikin ruwan ƙanƙara ba ta nuna sifili ko dab da shi ba, a ofis za ta kwana.