Likita, Ina Zan Sami Zaman Masu Son Rabuwa Da Giya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata takwas ina shan giya a ɓoye. Na sha rantsewa na daina, amma ba na kai wata guda. An ce mini akwai zaman da masu irin matsalata ke yi. Ina zan same shi, kuma asirina ba zai tonu ba? Daga wani ma'aikaci a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zaman da aka ba ka labari gaskiya ne. Wanda ya fi shahara shi ne na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, wadda mutum biyu da giya ta ɗaiɗaita suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935, ɗaya ɗan kasuwar hannun jari, ɗaya kuma likitan tiyata. Ka ga ashe mu ma likitoci ba mu tsira ba. Zama ne na kusan awa ɗaya, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, sauran su saurara ba tare da wa'azi ko gori ba. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a cike takarda, sunan farko kawai ake faɗa, kuma in ka ga dama ka yi shiru har a tashi. Sharaɗinsu ɗaya ne tak: a ce kana son dainawa.

A Najeriya an fi samunsu a manyan birane irin Legas da Abuja, a arewa kuwa sai an tona. Hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ka nemi ganin masu kula da matsalar shaye-shaye, ka tambaye su zaman rukuni da suka sani. Na Kano su tambaya a Dawanau ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, na Sakkwato a Kware. Akwai kuma zaman da ake yi ta Zoom dare da rana, kana iya rufe kyamara, sai dai yawanci da Turanci ne.

Batun asiri, ƙa'idarsu ce abin da aka ji a ɗakin a bar shi a ɗakin. Alkawari ne tsakanin mutane, ba doka ba, don haka ka nemi zaman da 'yan matsalar kaɗai ke shiga, ba wanda ake barin baƙi ba. In ma ka yi kiciɓis da wanda ka sani, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Kada ka yanke hukunci da zuwa ɗaya. Je sau biyar ko shida tukuna.

Tambaya: Likita, maigidana ya daina sha kwana biyu ke nan, hannunsa na karkarwa, yana ta zufa, ba ya barci, jiya har yana cewa yana ganin ƙwari a bango. In nemo masa irin wannan zama ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ba zama ba, asibiti, kuma yau ɗin nan. Jikin da ya saba da giya kullum, in aka yanke masa ita lokaci guda, karkarwa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, daga kwana na biyu zuwa na uku kuma ruɗewa da gane-gane su biyo baya. Wannan matakin yana kisa. Ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba, kada a ɓata lokaci wajen hayaƙi. A asibiti za a ba shi magani irin diazepam bisa awo, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Ki faɗa wa likita gaskiyar yawan abin da yake sha, ko kwalba ce ko burkutu ko ogogoro. Zaman taimakon juna sai ya warware. Ke ma akwai naki, ana kiransa Al-Anon, an kafa shi a 1951 domin iyalan mashaya.

Tambaya: Ni Musulmi ne, na ji ana yin zaman a harabar coci. Ba za a taɓa mini addini ba?

Amsa: Ɗakin kawai suke ara ko su yi haya. Gaskiya ne ƙungiyar AA ta samo tushe daga wata da'ira ta Kiristoci, kuma wasu wuraren sukan rufe taro da addu'arsu, amma ba a tilasta wa kowa. In ranka bai kwanta ba, akwai wasu ƙungiyoyin irinta: Millati Islami da Musulmin birnin Baltimore na Amurka suka kafa a 1989, da SMART Recovery wadda ba ta sa addini a tsarinta.

Tambaya: Bayan wata huɗu ina zuwa, na koma na sha a wajen biki. Kunya ta hana ni komawa.

Amsa: Ɗana, koma a zama na gaba. Da wuya ka sami wanda bai taɓa zamewa ba a ɗakin nan, kuma wata huɗun da hantarka ta huta bai tafi a banza ba. Ka nemi wani da ya daɗe da dainawa ya zama madogararka, wanda za ka buga wa waya kafin ka kai kofi baki, ba bayan ka kai ba. Sannan ka ga likita ku tattauna kan maganin naltrexone, yana rage ƙawar sha, amma sai an duba lafiyar hanta, kuma ba a haɗa shi da tramadol ko kodin.