Na yi wa Camry gyaran ƙarin gudu, yanzu karkarwa take a silo

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Camry 2008 mai silinda huɗu. Wata biyu da suka wuce bakanikena ya ce zai buɗe mata numfashi ta ƙara gudu. Ya cire akwatin iyakilina, wato matatar iskar inji, ya sa irin na 'yan tsere, ya fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ya canza filogi, sannan ya cire tamostat ya haɗa fanka darek. Tun daga nan in na tsaya a danja sai ta kama karkarwa har sitiyari, wani lokaci ta mutu. Shan mai ya ƙaru, hayaƙinta warin ɗanyen fetur. Yanzu cewa yake a sauke inji a canza ringi. Wallahi hankalina a tashe yake, ko kuɗin motar ban gama biya ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, kuma kada ka bari a sa wa injin nan sifana tukuna. Mota tana lafiya lau, aka taɓa mata abu huɗu a yini ɗaya ta fara tari, sai a ce ringi? A bi sawun abin da aka taɓa mana.

Fara da iyakilinan. A bayansa akwai na'urar auna iska, wadda ke gaya wa kwakwalwar mota yawan man da za ta fesa. Irin na 'yan tseren nan yawanci jiƙe yake da mai. Man ya hau siririyar wayar na'urar, ƙurar garinmu ta bi ta manne, lissafi ya ɓaci. Mayar da akwatin asali, a wanke na'urar da feshin da aka yi dominta, ban da fetur, ban da tsinke. A duba robobin iska ko an bar ɗaya a kwance. A sa kwamfuta. In ta nuna lambar matsala P0171, iska ta rinjayi mai. In gyaran man da kwakwalwa ke yi ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, amma ya sauko da aka taka totur zuwa juyin inji 2,500 a minti, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Filogi kuma, injin motarka, wato 2AZ-FE, Denso SK20R11 yake so, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma jabunsa ya cika kasuwa.

Fasa indomi shi kaɗai bai cika kawo karkarwa ba, sai dai in garin bugu da guduma an lalata na'urar auna hayaƙi da ke gabansa ko an bar kafa. Zai dai kunna maka lambar P0420, wadda ke nuna indomi ba ya aiki. Ka tambayi mutumin ina garin da ya kakkaɓo ya shiga, don akwai filatinam a ciki, kuma masu saye suna nan.

To, sai tamostat, wanda shi ne ke ƙona mini rai. Da wuya gari ya waye ya faɗi ban buɗe bonet na tarar da gurbinsa wayam ba. Hujjar guda ce ko yaushe: wai don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan rana gare mu. Toyota ɗin da ake sayarwa sabuwa a Saudiyya da Dubai fa, ba da tamostat take fitowa ba? Ko mun fi su zafi ne?

Aikinsa shi ne ya tare ruwa har inji ya kai kusan digiri 82, sannan ya buɗe wa lagireto. A wannan zafin aka auna komai na injin, daga tazarar fistan har kaurin baƙin mai. Ka cire shi, ka kuma bar fanka tana ta juyi tun daga kunna makulli, injin ba zai yi zafin kirki ba, balle da safiyar hunturu a hanyar Zariya zuwa Kano. Kwakwalwa tana ganin ruwa da sanyi, sai ta yi ta ƙara mai kamar yanzu aka tayar da motar. Warin fetur ɗin da kake ji ke nan. Filogi ya yi baƙi ƙirin, mis ya fara, wato silinda ta riƙa tsallake ƙona mai. Ragowar man da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda, ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Zaro sandar gwajin mai ka shinshina, za ka ba ni labari. Ringin da yake cewa a canza, in aka ci gaba a haka, da hannunsa zai kashe shi.

Kwanaki aka kawo mini wata Corolla, allurar zafinta kwance a ƙasa bayan tafiyar awa guda, mai ita har alfahari yake wai motarsa ba ta san zafi ba. An liƙe fitilar gargaɗin inji da baƙin salatef don kada ta dame shi. Baƙin man da muka juye kamar ruwan shayi.

In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Cire tamostat rufe tukunya ne kawai. A injuna da yawa ma shi ke toshe hanyar da ruwa ke zagayawa bai bi ta lagireto ba, don haka rashinsa kan jawo zafin da ake gudu a cikin cunkoso. 'Yan'uwana masu sana'a, mu ji tsoron Allah. "Haka ogana ya koya mini" ba hujja ba ce a kan dukiyar mutane.

Ka sa tamostat na asali, a mayar da wayar fanka yadda kamfani ya yi, a zuba ruwan lagireto na gaske, a juye baƙin mai da filta a ranar. A goge lambobin matsalar da kwamfuta ta nuna, ka yi kwana uku kana hawa. In karkarwar ba ta tafi ba, a auna matsin kowace silinda a gabanka, ka rubuto mini lambobin huɗu kafin kowa ya kwance noti ɗaya.