An Hana Shi a Turai, Ko In Ci Gaba da Fesawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman kayan lambu, shekara shida ke nan ina fesa maganin ƙwari mai sinadarin chlorpyrifos. Kwanan nan na ji an haramta shi a Turai, hankalina ya tashi, don yarana ma suna cin abin da nake nomawa. Da na tambayi mai sayar mini, sai ya ce ai saboda ƙarfinsa aka hana shi, in kwantar da hankalina. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne. Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2020, a shekarar nan kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta daina sayar da shi. Jihar Hawai ta Amurka ma tun 2018 ta kafa dokar hana shi. Kowace hukuma da nata rajistar, shi ya sa abin da aka kora a nan sai ka tarar ana sayar da shi a kanti a can.

Maganar mai sayar maka ce ta dame ni, don kusan kullum sai na ji ta. Wai an hana magani saboda ƙarfinsa! Babu hukumar da ke hana maganin ƙwari don yana kashe ƙwari da kyau, ai aikinsa ke nan. Abin da ake dubawa shi ne wanda yake taɓawa bayan ƙwaron. Shi chlorpyrifos yana toshe wani sinadari da jijiyoyi ke aiki da shi, kuma jijiyar mutum ma da shi take aiki. Abin da ya tsorata masu binciken Turai shi ne illarsa ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ƙananan yara, illar da ba ta zuwa da amai ko jiri balle a ankara. Duba maganin ƙwarin nan DDT. Lokacin da Amurka ta hana shi a 1972, ƙudaje da sauro da yawa sun riga sun saba da shi. Daɗewarsa a ƙasa da taruwarsa a kitsen jiki ne suka jawo masa, har ɓawon ƙwan gaggafa ya riƙa fashewa saboda rashin kauri. Uku daga dangin magungunan ƙwari da ake kira neonikotinoyid kuwa, illarsu ga ƙudan zuma ce ta sa Turai ta hana amfani da su a fili a 2018. Ina ƙarfi ya shigo a nan? Amma da zarar an ce an hana, sai kasuwar abin ta buɗe, a ɗura shi a kwalba marar takarda, a riƙa raɗa wa manomi cewa wannan ne na asali. Wanda bai san sunan sinadarin da yake sayarwa ba shi ne ya zama malami.

Kai dai ka fara da takardar jikin kwalbar. Ka nemi lambar rajista, da amfanin gonar da aka yarda a fesa wa, da kwanakin da za a jira kafin girbi, don izinin da aka ba magani bai wuce abin da aka rubuta a wurin ba. In babu takarda, kada ka fesa. Ko da ƙasarku ba ta hana shi ba, shawarata ka je wurin malamin gona ya zaɓa maka wani don ganyen da ake ci ɗanye. Kafin nan, yara da mai juna biyu kada su shiga gonar bayan feshi, ragowar kuma kada a zubar a ruwa.