Fitilar rataya da tayil ɗin bangon kicin: tambaya da amsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gyaran kicin, kuɗin kuma ya soma ja baya. Ina son fitilu masu ratayewa a saman kantar tsakiya, tsawonta mita 1.8, sannan a sa tayil a bangon da ke tsakanin kanta da kabod na sama, tsawon mita 3, har bayan gas. Mai aikinmu ya ce in bar tayil, in sayi irin na soson nan da ake ɓare takarda a manna, wai ya fi araha kuma ba ya cin wuta. Ni kuwa kullum cikin suya nake. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu sallami fitila tukuna, don ita ba ta da wuya.

Kanta mai mita 1.8 fitila biyu ta ishe ta. A bar santimita 75 zuwa 90 daga saman kanta zuwa gindin fitila. In ta sauka ƙasa da haka za ta riƙa tare miki fuska, in ta haura kuma ƙwan zai dinga haske ido. Tsakanin fitilun a ba da kamar santimita 75. Ki nemi mai murfin ƙarfe ko gilashi mai santsi, buɗe ta ƙasa, wadda tsumma ɗaya zai goge. Masu saƙar kaba da na yadi a falo suke kyau. A kicin maiƙo da ƙurar hunturu za su like musu, wata uku sun yi baƙi. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800 (ma'aunin ƙarfin haske ke nan), a duba lambar launin haske a kwali a ɗauki mai 4000K, shi ne fari tsaka-tsaki, ba rawaya ba shuɗi. Mai 6500K da ya cika kasuwa shuɗi-shuɗi yake yi. Tunda wutarmu hawa da sauka take yi, in kin samu wanda aka rubuta 85 zuwa 265V a jikinsa, ya fi jurewa. Kada a rataya fitilar a jikin silin na POP kawai, a kama ta da katakon sama ko da kankare. In jikinta ƙarfe ne, mai aikin wuta ya haɗa waya ta uku, mai kore da rawaya, wadda ke kai wuta ƙasa. Kuma ba a rataya ta a saman gas.

Yanzu maganar soso. Hajiya, kada ki yarda. Wannan abu ya zama annoba, ana tallarsa a Instagram da WhatsApp da hoton kicin yana sheƙi, an rubuta ba ya shan ruwa, ba ya cin wuta. Rashin shan ruwa gaskiya ne, roba ce. Sauran zancen ɗan kasuwa ne. Sinadarin da ake yin soson da shi yana narkewa tun zafi bai kai digiri 130 ba, irin na robar PVC kuwa wajen digiri 80 ya soma laushi. Man da kike soya ƙosai ko kifi a ciki yana kaiwa digiri 170 zuwa 190. Ki ɗora babbar tukunya a kan bakin gas na baya, harshen wuta ya bazu ta gefe, tsakaninsa da bango bai fi faɗin tafin hannu ba. Da farko gam ɗin zai saki, gefen ya ɗago ya lanƙwaso wajen wutar. Cikin ramukan adon nan kuwa maiƙo ya riga ya taru. Ranar da ruwa ya ɗiga a mai, wuta ta tashi, bangon da kansa zai kama, yana narkewa yana ɗiga a kan kanta, kusa da tiyon gas, sama da shi kuma kabod ne na katako. PVC in ya ƙone hayaƙinsa yana ƙona maƙogwaro da huhu.

Masu cewa “ai na gwada da ashana bai kama ba” su ne suka fi ban haushi. Ashana ta daƙiƙa uku a kan sabon soso mai tsabta ina ta haɗu da zafin awa guda a kan wanda ya sha man gyaɗa na wata shida? Mai aikin da ya ba ki shawarar nan sauƙin kansa ya duba: aikin awa biyu, ba kwaɓa siminti, ba yankan tayil, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ranar gobara ba za a same shi a waya ba.

Kuma arahar ma ba ta kai yadda ake faɗa ba. Bango mai tsawon mita 3 da tsayin santimita 60 murabba'in mita 1.8 ne kacal. Tayil mai 30 a 60 guda 10 ke nan. Ki ƙara biyu ko uku saboda yanka, fashewa da ramin soket, da ɗan ƙarin tsayi a bayan gas. Ki ɗauki tayil ɗin bango mai sheƙi da santsi, babba, domin iya yawan layin da ke tsakani, iya wurin da manja zai shiga. Ƙananan nan masu kama da bulo suna da kyau, amma mai 10 a 20 guda 90 za a jera a wannan bangon, duk layin nan ke za ki goge. Ki sayi duka a lokaci ɗaya, lambar kwali iri ɗaya, don launi kan ɗan bambanta.

A kankare fentin mai daga bango kafin a fara, a shafa gam ɗin tayil ya cika bayan kowane ɗaya, ba ɗigo biyar ba. Cikin layin kada a zuba farin siminti, manja na taɓa shi ya zama ruwan goro. A sa abin cike layi mai launin toka. Inda tayil ya haɗu da kanta a ja silikon. A bar shi awa 24 kafin a cike layin, sannan a ƙara kwana ɗaya kafin ki mayar da gas wurinsa.