Amsa ga mai kanumfarin da rassansa ke bushewa

Wayyo ɗan uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, ka ce ganyen kanumfarinka na yin ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, rassa kuma na bushewa daga tsini suna gangarowa. Wallahi abin da ya same ni kenan sak.

Ni masu tsinka ne suka cuce ni. Shekara 7 ina rainon bishiyoyin nan kafin su fara bayarwa, na ɗauko mutane su tsinke min, ashe babbansu ya ce su riƙa karyo reshe suna saukowa da shi ƙasa su tsinke a zaune don a gama da wuri. Na zo na tarar da rassa birjik, bawo duk a yage, na yi masa magana ya ce ai itace ne zai tofo, ko haƙuri bai ba ni ba, ya karɓi kuɗinsa cif ya tafi. Ta waɗannan raunukan cutar fumfuna ta shiga, kafin damina ta fita na rasa bishiya 5. Ranar da na sare ta farko sai da na yi hawaye, har yau abin na ci min rai.

To ka ɗauki wuƙa ka kankare bawon reshen da ke bushewa. In ka ga cikin itacen ya yi ja-ja mai duhu, ita ce. Ka yanke can ƙasa da inda launin ya tsaya, sai ka ga lafiyayyen itace, kar ka ji tausayin reshen don Allah, ni tausayin ne ya ƙara min asara. Ka ƙone abin da ka yanke, ka shafe bakin yankan da haɗin Bodo (Bordeaux, wani maganin fumfuna) mai kauri, zarton ma ka wanke shi da bilic kafin ka taɓa wata bishiyar.

Ɗigon ganye kuwa feshin Bodo ɗin ne, giram 100 na kofa salfet (shuɗin sinadarin jan ƙarfe), giram 100 na laim (farar hodar sinadari, ba lemun tsami ba), ruwa lita 10, a bokitin roba ba na ƙarfe ba, ka fesa gab da faɗuwar damina ka kuma maimaita. Ganyen da ya zube ka share shi. Ƙananan dashe kuma kar ruwa ya kwanta a gindinsu, saiwa ke ruɓewa.

Amma fa in bishiya ta zubar da ganye gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, cikin itacen ya yi rawaya, wannan mutuwar fuju'a ce irin wadda ta yi wa manoman Zanzibar da Pemba ɓarna, feshi ba ya dawo da ita, tumɓuke ta za ka yi. Cutar kanumfari ta Sumatra a Indonesiya kuma bakteriya ce, maganin fumfuna ba ya mata komai.

Shekarar bishiyoyin naka nawa, kuma wa ya tsinke maka a bara? Ka kankare ka turo mana hoto.