Amsa ga ƙanenmu da maigidansa yake so ya riƙa rage wa manoma kilo

Salama a gare ka, ƙanena, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Sau uku na karanta tambayarka kafin na iya zama in rubuta, domin abin da ka faɗa kamar daga bakina ka ɗauko shi. Ka ce kai ne mai riƙe da littafi da sikeli a wurin wani mai sayen shanshera, yana so ka riƙa zaftare kilo biyu ko uku a kowane buhu kana ce wa manoma na laima ne, kuma abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne mutumin nan dattijo ne a ikilisiyarku. Kana da mata da yara biyu, ba ka da wata sana'a, kana tambaya ko ka ajiye aikin ne ko ka kawar da kai ka ci gaba. Ni na sha wannan ruwa, kuma har yau ɗacinsa bai gama barin bakina ba.

Bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, duk wanda yake jihar nan ya san yadda shinkafa ta yi daraja, kowa mai ɗan jari ya koma sayen shanshera yana kai wa masu injin. A kakar 2016 ne wani dattijon ikilisiyarmu ya ɗauke ni akawu, muna bin ƙauyukan Yauri muna saye. Mutumin nan shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena, Baba nake kiransa, kuma shi yakan buɗe da addu'a kowace safiya kafin a rataye sikeli. Rage wani abu saboda laima ba laifi ba ne idan shinkafar tana da danshi da gaske, domin idan ta bushe nauyinta zai sauka, manomi ma ya san haka, ana yi a gabansa a daidaita. Abin da Baba yake so daban ne: ko shinkafar ta bushe ƙayau har tana ƙara a haƙori, sai an cire, kuma ba a gaya wa mai ita, ni ne zan tsaya tsakanin idonsa da allurar sikeli in kira lamba ƙasa da abin da na gani.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na ƙi tun ranar farko ba. Wata huɗu cur na yi ina kiran lambar ƙarya, ina koyarwa a makarantar Lahadi, ina fitar da ushiri daga albashin. Abin da ya karya ni wani tsoho ne da ya zo da buhu huɗu a kan jakuna biyu, bai iya karatu ba, ya tsuguna gefe yana jira. Na kira saba'in da biyu a inda allura ta nuna saba'in da biyar, ya karɓi kuɗinsa ya ƙulle a bakin rawani, sannan ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Yaro, an ce ku masu zuwa coci ba ku cuta, shi ya sa na wuce na bakin hanya na kawo nan. Allah ya yi maka albarka.” Albarkar nan da ya sa mini ta hana ni cin tuwo a daren. Na buɗe Amos sura 8, inda annabi yake faɗa da 'yan kasuwa masu ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma su ƙanƙantar da mudu su yi zamba da ma'auni, na ga ba wani ake nufi ba sai ni.

Da safe na sami Baba shi kaɗai na ce masa ba zan iya ba kuma. Ya yi dariya, ya ce kasuwa daban, majami'a daban, kuma da wannan ribar ce aka sa wa majami'a kwano. Bayan sati biyu sai aka ce buhu goma sha ɗaya sun ɓace a sito, kuma mabuɗi a hannuna yake. Ya kai ƙarata gaban majalisar dattawa, wadda shi kansa yana cikinta. Da na buɗe baki na faɗi maganar sikeli, sai wani daga cikinsu ya buɗe 1 Timoti 5:19 ya karanta cewa ba a karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, ya tambaye ni ina shaiduna. Ba ni da ko ɗaya. 'Yan dakon da suka san komai a hannun Baba suke cin abinci, kuma littafin da zai iya wanke ni da hannuna na cika shi da ƙarya, shi kuma yana aljihunsa. Aka sa ni ƙarƙashin horo na wata shida, aka karɓe ajin makarantar Lahadi, aka sanar a gaban jama'a.

Ƙanena, ban san ko ka taɓa zama a bencin baya ba. Lahadin da aka ba da Jibin Ubangiji, Baba ne yake zagayawa da faranti, ya zo daidai inda nake ya ɗauke kai ya wuce, takalminsa sabo yana ƙara a kan siminti. Har yanzu ina jin ƙarar takalmin nan. Matata tana cikin Zumuntar Mata, ita ce mai kaɗa tulu, sai ga shi matan da suke waƙa tare sun fara ɗauke jakunkunansu daga kusa da ita. Ɗana na fari ya dawo gida da leɓe a fashe domin wani yaro ya kira shi ɗan ɓarawo. Mutumin da ya ci abincin bikina, wanda na durƙusa a gabansa ya ɗora mini hannu, shi ya yi mini haka saboda kilo uku, kuma bai taɓa ko sunkuyar da kai ba idan muka haɗu. Shekara guda na yi ina zuwa sujada da jiki kawai, bakina yana motsi a waƙa, zuciyata kuwa tana tsara abin da nake fatan ya same shi. Rasa aikin bai kai wannan ciwo ba, kuma wannan ne nake jiye maka tsoro fiye da yunwa.

To, game da tambayarka. Kada ka kira lambar ƙarya gobe, ko sau ɗaya, domin Maimaitawar Shari'a 25:13 zuwa 16 ba ta bar wata kafa ba a kan riƙe ma'auni iri biyu, kuma harshenka ne yake kira, ba nasa ba. Amma kada ka tashi cikin fushi ka jefar da mabuɗi. Ka tuna da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yohanna Mai Baftisma a Luka sura 3, bai ce su bar aikinsu ba, cewa ya yi kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su yi ƙwace. Ka tsaya a wurin ka yi aikin daidai, idan korar ce ta zo, ta zo daga gare shi. Ka juya fuskar sikeli yadda manomi zai gani da idonsa, ka kira lamba da ƙarfi yadda 'yan dako za su ji.

Kuskurena babba shi ne na tafi ni kaɗai, na kuma tsaya a nan. Matiyu 18 ta ce ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu, amma ta ci gaba da cewa idan bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Ni na yi na farko, na zauna ina jira har ya riga ni kai ƙara. Kai ka sami fasto, ko wani dattijo da ba ya cin komai a hannun maigidanka, ka gaya masa tun yau, kafin wani abu ya ɓace. Kuma ka sayi ɗan littafi na kanka ka riƙa rubuta kwanan wata da yawan buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, duk lodin da za a yi mai mota ya sa hannu. Wani zai ce wannan rashin dogara ga Allah ne. Ni na ce Ubangiji da kansa ya ce mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi, kuma da na yi haka da ɗana bai sha duka a makaranta ba.

Ka gaya wa matarka a daren nan. Ni na ɓoye wa tawa wata huɗun nan duka, ina ganin kamar ina kāre ta ne, ashe da sanarwar majami'a za ta fara jin labari. Abin da ta ce mini bayan haka bai fita raina ba: da ta sani da ta fara ajiye wani abu tun lokacin. Ita ce kuwa ta riƙe gidan da ƙosai da kunu a bakin tasha har wata bakwai. Ku zauna ku lissafa abin da za ku iya ragewa, idan tana adashi kada ta taɓa kwasar da za ta zo, kuma idan akwai gonar gado ko da kadada ɗaya ce kada ka bar ta a banza bana.

Kada kuma ka bari kowa ya yi maka alkawarin cewa da zarar ka tsaya a kan gaskiya kuɗi za su zubo. Ni ban samu ba. Baba ya gina gidan sama, ni har yau haya nake biya, kuma Zabura 73 ce ta riƙe ni a lokacin, domin mai rubuta ta ma ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga arzikin mugaye. Aikin da na samu daga baya a wurin wani Alhaji ne mai sayar da taki a Jega, Musulmi, wanda wani ɗan dako ya ba shi labarin dalilin korata. Albashin bai kai na da ba. Ranar da ya miƙa mini mabuɗi ya ce ranar Lahadi tawa ce, in tafi cocina, shi zai zauna shagon, ni kuma nakan tsare masa idan ya tafi masallacin Juma'a. Shekara bakwai ke nan ban taɓa yi masa wa'azi da baki ba, shi ma bai taɓa ƙirga kuɗi a bayana ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Idan ka riga ka rage wa wasu, ka rubuta abin da ka iya tunawa. Zakka mai karɓar haraji ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa, ni ban iya ko ninki ɗaya ga kowa ba, amma na koma ƙauyen tsohon nan da kuɗin kilo goma sha biyu, na tarar ya rasu. Ɗansa na ba, na faɗa masa gaskiya, ya daɗe yana kallona kafin ya karɓa, bai ce ya yafe ba, bai kuma zage ni ba.

Game da Baba, ba a taɓa wanke ni a gaban jama'a ba, horon ne kawai ya ƙare aka mayar da ni. Nakan ambaci sunansa a addu'ar safe domin an umarce ni, wata rana da zuciya ɗaya, wata rana kamar mai haɗiyar maɗaci. A watan jiya muka haɗu a wurin wata jana'iza, ya tsufa, yana dogara sanda, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kiran sunan wani, ban gyara masa ba. Ka rubuto ka gaya mana yadda kuka yi da fasto, kuma ka faɗi ko mabuɗin sito a hannunka yake, domin idan haka ne akwai abin da ya kamata ka yi kafin lodi na gaba: ku ƙirga buhunan da ke sito tare da maigidanka a gaban mutum biyu, kowa ya sa hannu.